Taubashina da Allurar Korona

Ina da taubashi a Birmingham, ɗan wan mahaifiyata. Tun muna yara a Kano ba mu taɓa haɗuwa muka rabu ba tare da wani ya tsokani wani ba, da Allah ya kawo mu Ingila kuma sai muka ɗora daga inda muka tsaya. Shi ya riga ni zuwa. An turo shi karatun digiri na uku ne a kimiyyar siyasa, ya zauna da iyalinsa a unguwar Sparkbrook. Ni kuma na biyo maigidana Manchester, muka kama ɗan gidan haya a unguwar Hulme, kusa da jami'ar da yake bincike. Tun taubashin nawa bai gama babin farko na kundin digirinsa ba na laƙaba masa Dokta don in ba shi haushi. Maimakon ya ji haushi sai ya karɓe sunan hannu bibbiyu, har matarsa ta koma kiransa da shi. Shi kuwa ba ya kirana da komai sai baiwar gidanmu, tunda ni 'yar mace ce.

Dokta dogo ne siriri, mai kirki, mai kyauta, amma Allah ya zuba masa magana. Idan ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya faro maka daga wanda ya ƙera agogo. In ya kira ni a waya nakan jingina ta da tulun shayi, in yanka albasa, in soya, in sauke, lokaci-lokaci in ce “haka ne”, kuma bai taɓa lura ba.

Mun iso ƙasar ne a shekarun tsuke bakin aljihu. Kullum labarin ke nan, babu kuɗi, an rage wannan, an rufe wancan. Akwai wani ɗan laburare da Dokta yake zuwa rubutu saboda hayaniyar yara a gida. Aka fara rage masa ranakun buɗewa, daga baya aka garƙame shi. Wurin da matarsa take kai yara wasa shi ma ya bi sahu. Ganin likita kuwa, kafin layinka ya zo ciwon ya gaji ya tafi da kansa. Kowa ya ji a jikinsa, amma Dokta ya ɗauki abin kamar da shi aka yi. Ko bayan shekaru, in ya wuce ta gaban laburaren nan sai ya tsaya ya yi tsaki.

Babban amininsa maƙwabcinsa ne, wani mutumin Kagoro, direban bas, dattijo a cocinsu. Baban 'Yan Biyu muke ce masa. Duk Lahadi in ya taso daga coci, sai ya haye sama wajen Dokta, a dafa shayi, a buɗe gardama. Ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. A siyasar gida kowa da jam'iyyarsa. Da aka zo ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai, Baban 'Yan Biyu ya ce a fita, Dokta ya ce a zauna, suka yi wata da watanni suna abu ɗaya. Baƙo in ya ji muryoyinsu daga ƙasa sai ya ɗauka dambe ake yi. In ya hau sai ya tarar da su hannu cikin kwano ɗaya.

Sai korona ta zo. Lokacin ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi, don abin da ake ba maigidana ba ya kai mu ƙarshen wata. Na ga abin da ciwon ya yi wa tsofaffin nan, ba na son tunawa. Da allurar riga-kafi ta fito, mu aka fara kira. Ba zan ce na tafi da ƙarfin zuciya ba. Na yi addu'a, na kira mahaifiyata ta sa mini albarka, na miƙa dantse ina runtse ido.

Washegari da safe sai ga kiran Dokta.

“Baiwar gidanmu, an ce kin miƙa musu hannu.”

“Na miƙa, Dokta.”

“To ɗauko cokali ki ɗora a wurin, ki gaya mini ko ya manne.”

Na ce, “Haba Dokta, da karatunka?”

Ya ce shi ma bai yarda da zancen maganaɗisu ba, bincike dai yake yi, kuma mai bincike ba ya raina ko wace hujja. Daga ranar, duk bayan kwana biyu sai ya kira ya ce, “Kina nan da ranki?” In ce ina nan. Ya ce, “To, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.”

Gaskiya hujjarsa ba ta cokali ba ce. Yana raina masu irin wannan zancen. Abin da yake cewa shi ne, “Mutanen da suka ce ba su da kuɗin kunna fitila a laburare, yau su ne suke aiko mini da saƙon waya suna roƙona in zo su ba ni abu kyauta? Yaushe aka fara sona haka?” Sai ya koma gida, ya tuno gwajin maganin nan da aka taɓa yi a kan yara a Kano lokacin sanƙarau, wanda duk ɗan garinmu ya tashi da labarinsa. Ni ma da labarin na tashi. Sai dai in ce masa, “Ni dai na ga tsofaffina.”

Muna da group a waya na 'yan arewa mazauna garuruwan nan biyu, Musulmi da Kirista. Asalinsa don sanarwar suna da rasuwa da cigiyar wanda zai je gida a ba shi saƙon daddawa. A nan Dokta ya kafa makaranta. Yakan aiko da saƙon murya mai tsawon huɗuba, wani lokacin kashi na ɗaya da na biyu. Mutane suka rabu gida biyu, kuma rabuwar ba ta bi tsohon layi ba. Waɗanda suka shekara ba sa ga maciji saboda zaɓen gida sai ga su suna yi wa juna “Allah ya saka da alheri”. Aminai kuma suka koma gaisuwar nesa. Masu allura ana ce musu 'yan gwamnati, marasa allura ana ce musu 'yan jita-jita, alhali da yawansu babu wanda ya taɓa ganin alherin gwamnatin, kuma kowa jita-jitarsa yake saurara.

A cikin masu sauraron Dokta akwai wani dattijo Bakatsine, direban tasi, wanda ya fi kowa daɗewa a Birmingham. Alhaji kawai ake ce masa. Shi yake ɗauko sababbin ɗalibai daga filin jirgi ba ya karɓar ko kwabo. Duk saƙon da Dokta ya saki, Alhaji ne farkon mai amsawa: “Malaminmu ya yi magana.”

Da limamin masallacinsu ya ba da zauren ƙasa a riƙa yin allura, Dokta ya ce malam ya shiga siyasa, ya ɗauke sallarsa ya kai wani masallaci can gaba a Stratford Road. A makon ne kuma Baban 'Yan Biyu ya yi tasa a zauren cocinsu, ya sa hotonsa a group yana murmushi da hannun riga a naɗe. Mutumin nan korona ta kashe masa abokan aiki a cikin direbobi, kowa ya sani. Amma Dokta, da yake bakinsa ya riga tunaninsa, sai ya rubuta cewa akwai mutanen da ko guba aka ba su a cokalin Bature cewa za su yi a ƙaro.

Baban 'Yan Biyu bai yi gardama ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Ya rubuta, “Na gode, maƙwabci.” Ya fice daga group.

Shayin Lahadi ya mutu. Abin dariyar shi ne, sabon masallacin Dokta sai an hau bas, kuma layin da Baban 'Yan Biyu yake tuƙawa ne. Matar Dokta ta ba ni labari cewa ranar Juma'a in suka yi kiciɓis, Dokta sai ya dangwala katinsa yana kallon rufin mota, direba kuma yana kallon madubi, kamar ba su taɓa cin tuwo tare ba.

Ita matar Dokta ba ta da yawan magana. Ina jin ta lura tun farkon aure cewa maganar gidan ta riga ta sami mai yi. Duk wannan rikici ban taɓa jin ra'ayinta ba. In na tambaye ta sai ta ce, “Allah dai ya kawo mana ƙarshen abin.”

Da sanyi ya shigo, ciwon ya kama Dokta. Da fari ya ce mura ce. Aka dafa citta da kanumfari, aka daka tafarnuwa, aka sha habbatus sauda da zuma, aka yi sirace har fentin bango ya fara tashi. Ya kira ni yana tari yana ce mini jikinsa ne yake gina garkuwa irin ta asali, ba ta kanti ba. Kwana kaɗan bayan nan na kira, sai na ji yana farawa ya tsaya, ya ja numfashi, ya sake farawa. Ban jingina wayar da tulun shayi ba ranar. Na ce ya ba ni matarsa. Ta ce ai ta riga ta kira motar asibiti, ba ta gaya masa ba ne kawai.

Aka kwantar da shi a babban asibitin nan na Edgbaston. Ba a barin kowa ya shiga. Matarsa da yara su ma gwaji ya nuna suna ɗauke da ciwon, aka ce su kulle kansu a gida, sai dai ita nata bai wuce ciwon kai da kasala ba. Ni ina Manchester, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, amma ba halin zuwa. Kullum sai in jira abin da ma'aikatan jinya za su gaya mata, ita kuma ta gaya mini. Yau an ƙara masa iska, gobe an kifa shi rubda ciki, jibi an ce a ci gaba da addu'a. Maigidana ya ce bai taɓa ganin gidanmu shiru haka ba. Ashe rabin surutuna na ramuwar tsokanar Dokta ne.

A kwanakin nan, kullum da hantsi sai matar Dokta ta ji an ƙwanƙwasa ƙofa. In ta buɗe sai ta ga leda a ƙasa, burodi da madara da lemo, wani lokacin da kular paten acha mai zafi, Baban 'Yan Biyu kuma yana can ƙasan matakala da takunkumi a fuska. Ba ya cewa komai sai, “Yaya mai jikin?” In ta faɗa masa sai ya ce, “Muna sa shi a addu'a a coci. Kada ki gaya masa, zai ce siyasa ce.”

Allah ya yi da sauran kwana, Dokta ya fito. Amma yana kwance Alhaji mai tasi ya kamu, kuma shi bai tashi ba. An ɓoye wa Dokta har sai da ya yi kwanaki a gida.

Da aka sassauta doka na hau jirgin ƙasa na je. Na tarar da shi a kujera an lulluɓe shi da bargo, wuyansa kamar na zalɓe. Na gaishe shi, ya amsa. Na jira jawabi, shiru. Na ce, “Dokta, yaya asibiti?” Ya ce, “Ba daɗi.” Ya tsaya nan.

Na ce, “Ikon Allah. Ashe kana iya magana a taƙaice.”

Ya fara dariya, dariyar ta zama tari, matarsa ta harare ni ta miƙo masa ruwa. Da ya lafa sai ya nuna ta da kofi ya ce abin da yake ba shi mamaki, ɗaki ɗaya suke kwana, amma ita ko kwanciya ba ta yi ba. Yana ganin jinin gidansu ne mai ƙarfi.

Ta ce, “Ka tuna ranar da na ce za ni Stratford Road sayen tattasai?”

Ya ce ya tuna.

“To tsohon masallacinka na je. Zauren ƙasa. Da ranar da na ce za ni canjin takalmin yara, ita ce ta biyu.”

Dokta ya daɗe yana kallonta. Ni kuma na duƙar da kai ina nazarin kafet. Can ya ce, “Shi ya sa ranar kika dawo babu tattasan.”

Ta ce, “Na manta ne, hannuna yana ciwo.”

Washegari ya ce yana so ya je gaisuwar Alhaji, kuma ba zai iya hawa bas ba. Matarsa ta ce mota ɗaya ta sani a gidan nan. Sai ya tashi da kansa, ya dafa bango ya sauka matakala, yana hutawa a hanya. Ban san abin da suka ce wa juna a ƙasa ba. Na dai ga Baban 'Yan Biyu ya fito da makullin mota, ya buɗe masa gidan gaba, ya ja kujerar baya saboda dogayen ƙafafunsa.

Na bi su don in shiga wajen mata. Matar Alhaji tana takaba, sai aka sa Dokta ya tsaya daga bakin ƙofar falo, ita tana ciki. Ya yi mata gaisuwa da 'yar muryar da ta rage masa. Ta amsa, ta yi masa sannu da jiki, ta ce, “Alhaji yana ƙaunarka. Ko da yaran nan suka matsa masa ya je a yi masa, cewa ya yi sai abin da malaminmu ya ce. Kwana ne ya ƙare, babu mai ƙara wa wani.” Ba da gugar zana ta faɗa ba. Yabonsa take yi tsakani da Allah, tana so ya san matsayinsa a wajen mijinta.

Muka kamo hanyar gida a mota har muka yi nisa. Sai Dokta ya ce, yana kallon taga, “Ni ra'ayina kawai na faɗa.” Muka wuce wasu shaguna, muka tsaya a danja. Ya ce, “A'a. Alhaji ya kira ni ya tambaye ni. Na ce masa kada ya je. Da bakina.” Sai kuka ya ƙwace masa. Baban 'Yan Biyu ya gangara gefen titi ya kashe mota, ya ɗora masa hannu a gwiwa, muka zauna a haka har ya gama. Tunda nake da shi ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da kawu, mahaifinsa, ya rasu a ɓoye ya yi.

Bayan 'yan watanni, da likita ya ce jikinsa ya yi ƙwarin da za a iya yi masa, sai ya kira ni.

“Baiwar gidanmu, akwai kemis a unguwarku da ake yin abin nan?”

“Wane abu, Dokta?”

“Kin sani.”

“Duk kemis ɗin Birmingham sun ƙone ne?”

Ya ce shi mutum ne sananne, ba ya son a mayar da lafiyarsa abin siyasa. Na sa sunansa a kemis ɗin unguwarmu, aka ba shi rana. Ya sauka a jirgi da hular sanyi har gira, takunkumi har ƙasan ido, ya ɗaga kwalar kwat, kamar mai shirin fasa banki. Muka shiga layi a kemis. Mutumin da ke gabanmu ya waiwayo, shi ma da hular sanyi har gira. Suka tsaya suna kallon juna. Wani ɗalibi ne ɗan Sakkwato, mazaunin Sparkbrook, wanda a group ya fi kowa zafi wajen kiran mutane 'yan gwamnati.

“A'a, Dokta! Me ya kawo ka Manchester?”

“Ziyara. Kai fa?”

“Ni ma ziyara.”

Suka ci gaba da tsayuwa a layin ziyara, kowa yana karanta kwalayen man goge baki.

Da aka kira shi na bi shi ciki. Yarinyar da za ta yi masa ta tambaye shi ko yana da wata tambaya. Na ce a raina yau kin janyo wa kanki. Ya gyara zama, ya ce yana da 'yan abubuwan lura game da dangantakar hukuma da talaka, ya ɗauko na farko, numfashi ya yanke masa a tsakiya. Kafin ya tattaro na ci gaba ta ce masa an gama, ta manna masa auduga.

A waje ya ce mini, “Ki sani, ban janye ko kalma ɗaya a kan laburare ba.”

Na ce, “Ba wanda ya ce ka janye.”

“Da maganar Kano.”

“Ita ma tana nan.”

Na ɗauka zai bar abin a ɓoye, tunda don haka ya sha tafiya. Amma a daren Juma'ar da ta biyo baya... a'a, da yamma ne, bayan la'asar, ya saki saƙon murya a group, mafi gajarta a tarihinsa. Ya ce ya yi allura, ya ce wanda duk ya fasa saboda maganarsa ya je ya tambayi likitansa, kada ya tambaye shi, ya roƙi a yi wa Alhaji addu'a. Wasu suka ce Allah ya saka. Wasu suka ce an saye shi a asibiti, wai ba a sallamar mutum sai ya sa hannu. Waɗannan suka fice suka buɗe nasu group ɗin, har yau yana nan, kuma in an yi haihuwa sai an sanar sau biyu.

Wadda ta fi ba shi wuya mahaifiyarsa ce a Kano. Ashe duk saƙonnin nan na baya ƙannensa suna kunna mata, tana sa a maimaita wa maƙwabta don su ji ɗanta na Ingila. Ma'aikatan lafiya sun zo har gida ta ce a ba su ruwa su sha su kama gabansu. Ranar da ya kira ta ina wurin, ya sa wayar a fili don in taya shi. Ya yi bayani daki-daki, yana hutawa tsakanin jimloli. Ta saurare shi har ya kai aya.

Ta ce, “To ni yanzu wanne zan bi, Doktan bara ko na bana?”

Ya ce, “Na bana, Hajiya.”

Ta ce, “Na baran ya fi ka murya.”

Ba ta yi ba a lokacin. Ya kira, na kira, mahaifiyata ta taka har gidan, duk a banza. Sai da tafiyar Umara ta taso mata aka ce babu shiga jirgi sai da shaidar allura. Ranar ko gardama ba ta yi ba, ta sa mayafi ta ce a kira mata mai adaidaita.